Malam Abdullahi na Gwandu: malamin da bai raba ilimi gida-gida ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a duk shekara idan lokacin neman gurbin karatu ya zo, muna ganin 'ya'yanmu na Jega da Aliero da Maiyama suna kai da komo a kan fannin da za su karanta. Wani ya ce adabi ba ya kawo abinci. Wani ya ce tarihi labarin matattu ne. Mai son kasuwanci yana ganin ba shi da buƙatar zama gaban malamin fiƙihu, almajirin zaure kuma yana ganin sha'anin kasuwa da mulki ba nasa ba ne. Gyaran hali da tarbiyyar zuciya kuwa an bar wa masu wa'azin watan azumi. Wannan rarrabuwa ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ƙasarmu take ƙarƙashin masarautarsa har yau, wanda jami'ar da ke Aliero take ɗauke da sunansa, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Shi ya haɗa waɗannan fannoni duka a ƙirji ɗaya, kuma kowanne ya yi masa rana a lokacin da ya buƙace shi.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir a shekara ta 1180 bayan hijira, daidai da wajen 1766, a cikin zuriyar Fulani Toronkawa. Yayansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani, sa'an nan yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi hannun Shehu. Daga nan ya zama ɗalibinsa kuma abokin tafiyarsa, har mutuwa ta raba su.

Mun san abin da ya karanta dalla-dalla, domin shi da kansa ya rubuta tarihin karatunsa a wani ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ya wallafa a 1812. A ciki ya jera malamansa da littattafan da ya ɗauka wurin kowannensu. Wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, waɗanda suka haɗa da Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu da Antara. Ya karanta tauhidi daga littattafan Sanusi, nahawu daga Ajuruma da Mulha da Ƙaɗarun Nada, fiƙihu kuma daga Ahalari da Ishmawi da Risala, ga tafsiri da tasawwufi. Bayan haka ya zaga wurin 'yan'uwan iyayensa da sauran malamai, ya ƙaro luga da balaga da aruli da usulu. Shi da Shehu suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji suka ɗauki Sahihul Buhari a wajen 1786, kuma ya sha daga kogin ilimin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya ba shi ijaza.

Mai karatu zai lura cewa mafi yawan waɗannan littattafai su ne dai ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Malam Abdullahi bai sami wani littafin asiri da aka ɓoye mana ba. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tsallake mataki ba, kuma bai raina fanni ba. Ya haddace waƙoƙin Larabawan jahiliyya, masu bayanin raƙuma da kufan gidaje, domin ya san da wannan harshe Alƙur'ani ya sauka, kuma wanda bai ƙware a harshe ba zai yi ta tuntuɓe a tafsiri. Rubuta sunayen malamansa da ya yi kuwa darasi ne a kan amanar ilimi, musamman a wannan zamani da ɗalibi zai kwafo aikin wani daga intanet ya ɗora sunansa a kai ba tare da jin nauyin komai ba.

Adabi a hidimar gaskiya

Farkon abin da ya fito da shi fili shi ne waƙa. A shekarun da Shehu ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata suke halartar majalisin wa'azi. Shehu ya umarci Abdullahi, wanda a lokacin bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba, da ya ba shi amsa. Ya amsa da waƙa a kan karin da mai sukar ya yi amfani da shi, cikin ladabi. Ya yarda cewa cakuɗuwar maza da mata ba ta halatta ba, kuma ba a yin ta a majalisinsu, amma ya nuna barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, saboda haka dole a karantar da su. Wannan amsa ta tsaya a kan ƙa'idar usulu ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. Da fiƙihu kaɗai ya sani, da amsar ba ta zaga ƙasa a bakin mutane ba. Da kuma waƙa kaɗai ya iya, da ta zama zambo. Iyayen da suke cire 'ya'yansu mata daga makaranta tun ba su san hukuncin tsarki da salla ba, ya kamata su san cewa an gama wannan muhawara a ƙasarmu fiye da shekara 200 da suka wuce.

Ƙwarewarsa a Larabci ta kai inda ya tsara nahawu a waƙe cikin Baharul Muhiɗi, mai baiti fiye da 4,000, ya kuma tsara sarfu cikin Hisnur Rasini. Ya waƙe ilimin tafsiri a Miftahut Tafsiri, yana bin sawun Imam Suyuɗi. Duk wannan ya yi ne domin sauƙaƙa wa ɗalibai hadda a zamanin da takarda take da tsada, littafi kuma sai an kwafa da hannu.

Gimbana da abin da ya biyo baya

A nan ne tarihinsa ya haɗu da na ƙasarmu. Daga cikin almajiran Shehu akwai Malam Abdussalami, Ba'are, wanda ya bar Gobir da jama'arsa saboda matsin sarakuna, ya zauna a Gimbana ta ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kawo ƙarshen zaman lallami tsakanin jama'a da Gobir. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu.

Mutumin da aka sani da alƙalami sai ga shi a gaban runduna. Shi ya jagoranci jama'a a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, inda aka karya rundunar Yunfa duk da yawanta da dawakinta. A 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, kuma a wannan shekara jama'a suka koma Gwandu da zama. Kusan duk abin da ya faru sai ya yi masa ƙasida. A 1813 ya tattara waɗannan ƙasidu a Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin kowacce da lokacin da aka yi ta, sai littafin ya zama diwanin waƙa kuma kundin tarihi a lokaci guda. Har yau masu binciken tarihin jihadi ba su da makawa sai sun koma gare shi.

Abin da ya ɗaukaka darajar wannan littafi shi ne marubucinsa bai ɓoye laifin nasa ba. Ya rubuta nasara, ya kuma rubuta yadda niyyar wasu ta gurɓace. Ya ga yadda, bayan mutuwar da yawa daga cikin malamai da mahaddata a Tsuntsuwa da Alwasa, aka sami waɗanda hankalinsu ya koma ga ganima da dawaki da manyan riguna da neman sarauta. Ya faɗi haka ƙarara, alhali shi ne wazirin Shehu, kuma mutanen da yake suka suna ƙarƙashin tutarsa. Ɗalibin tarihi zai koyi a nan cewa aikinsa ya bambanta da na maroƙi. Wanda zai rubuta tarihin garinsu ko na gidansu, ya ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba, ya cuci jikokinsa, domin ya hana su sanin ramin da kakanninsu suka faɗa.

Tafiyar da ta tsaya a Kano

Damuwar ta kai shi ga yanke shawara mai nauyi. A wajen 1807 ya bar runduna da muƙami, ya nufi gabas da 'yan mutane kaɗan, da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki ya ƙare rayuwarsa kusa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, sai jama'ar garin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya ga irin abin da ya guje wa a yamma yana nan a Kano, ya gane cewa gudu ba zai gyara komai ba. Sai ya zauna ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin naɗa shugaba da haƙƙoƙin da ke kansa, da aikin waziri da alƙali da sauran ma'aikata, da hukunce-hukuncen jihadi da siyasar shari'a. Daga nan ya juyo gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya ajiye.

Muna ganin wannan tafiya ita ce ma'aunin mutumin. Mulki bai riƙe zuciyarsa ba, tun da ya iya barinsa a lokacin da nasara take ƙaruwa. Kuma ƙyamar ɓarna ba ta sa ya wanke hannunsa daga al'umma ba, tun da ya dawo. Matasanmu masu ilimi da suke cewa ƙasa ta lalace, saboda haka ko dai su shiga a ci da su ko su koma gefe su yi shiru, ga hanya ta uku a gabansu.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. A waɗannan shekaru an sami saɓanin fahimta tsakaninsa da Shehu a kan wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da sanya tufafin ƙawa ga shugabanni. Shi ya tsananta, Shehu ya sassauta, kowa ya rubuta hujjarsa. Duk da haka Shehu ya yi wa jama'a wasiyya da karanta littattafan ƙanensa, saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a, shi kuma bai taɓa daina kiran Shehu malaminsa ba. Haka saɓanin malamai yake idan an tsarkake niyya.

Kasuwa da gona

Mutane da yawa ba su san cewa wannan malami na tafsiri da nahawu ya yi rubutu a kan ciniki da ƙasa ba. Yana da Kifayatul Awami fil Buyu'i, wanda sunansa kaɗai ya nuna don talakawa masu saye da sayarwa aka yi shi. Yana da Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da hukuncin raya ta. Yana kuma da Diya'ul Anami a kan halal da haram. Dalilinsa a fili yake. Daular da aka kafa ba za ta tsaya da wa'azi kaɗai ba, sai manomi ya san iyakar gonarsa, mai awo ya cika mudu, baƙon da ya kawo kaya ya amince ba za a zalunce shi ba. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, kuma ciniki yana cikin wannan.

Wannan babi ya shafe mu kai tsaye. Aliero ta yi suna da albasa har ƙasashen maƙwabta, Jega kuma kasuwa ce tun kaka da kakanni. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne cikin masu hada-hadar nan suka san hukuncin sayen amfanin gona tun bai nuna ba? Nawa suka san bambancin cinikin salam, wanda shari'a ta halatta da sharuɗɗansa, da bashin da ake ba manomi da damina a karɓi ninkinsa da kaka? Ga jera manyan albasa a bakin buhu a cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Ga dillalin da yake ƙara kuɗi a kan kayan da ba shi da niyyar saye, don kawai ya ruɗi mai saye. Ga tare mutanen ƙauye a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Duk waɗannan an yi bayaninsu a babin ciniki na littattafan da suke cikin zaurukanmu. Ɗalibin da ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, ya iya lissafin riba da faɗuwa amma bai san waɗannan ba, karatunsa da saura. Haka nan almajirin da ya haddace babin amma bai taɓa sanin yadda ake ƙulla ciniki a kasuwar garinsu ba, fatawarsa ba za ta sauka inda ake buƙatarta ba.

Jarrabawar ƙarshe

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Mutane da yawa suna ganin Malam Abdullahi ne zai gaje shi, saboda shekaru da ilimi da matsayi. Amma kafin ya iso aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. Bai tara runduna ba, bai kira yankin yamma ya ɓalle ba, alhali yana da mabiya da ƙasa. Abin ya yi masa zafi, kuma an ɗauki 'yan shekaru akwai sanyin dangantaka tsakaninsa da ɗan yayansa. A cikin wannan hali bai ajiye alƙalami ba.

A wannan tsakani Malam Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello a Kware, aka yi yaƙi, ya rasu a Bakura a 1818 sakamakon raunin da ya samu. Sauran jama'arsa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka yi ƙarfi har suka gagari Malam Abdullahi. A wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Dattijo mai shekara fiye da 50, malamin da ya karantar da Bello, ya miƙa wuya ga ɗan da ya girma a gabansa domin kada kan al'umma ya rabu.

Littattafansa na gyaran zuciya, irin su Tahzibul Insani da Sabilun Najati da Maɗiyyatuz Zadi, suna magana ne a kan girman kai da hassada da son shugabanci da kwaɗayin duniya, da yadda ake magance su. Rubuta irin wannan ba shi da wuya ga mai ilimi. A Kalambaina ne aka ga cewa marubucin ya sha maganin da yake ba mutane. Abin da ake kira gina kai a yau, wanda matasa suke nema a littattafan Turawa da bidiyon waya, yawancinsa koyon yadda za a samu ne. Malam Abdullahi ya ƙara da koyon yadda za a rasa ba tare da an rushe gida ba.

Daga wannan sulhu ƙasarmu ta amfana. Buhari ɗan Abdussalami ya yi biyayya ga Gwandu, aka ba shi izinin zama, ya kafa garin Jega tare da Gimbanawa, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega. Daga baya garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar fataken goro masu zuwa Gwanja da masu fitowa daga Nufe da ƙasar Yarbawa. Da an bi 'ya'yan waɗanda aka yaƙa da ramuwa, da ba a sami wannan kasuwa ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan Kalambaina ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da wallafa. Tun a wajen 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi 4. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya rubuta musu wani mafi sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudani, a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malik, wato abin da mutanen ƙasar nan suka saba da shi. Littattafan da ya bari sun haura 100. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma a can hubbarensa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Malam Halilu. Son littafi da ya dasa a garin bai mutu da shi ba. A 1853, zamanin Halilu, a Gwandu ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sami kwafin Tarihus Sudan, littafin da ya buɗe wa Turai tarihin daular Sanwai.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, na jami'a da na zaure. Kowa ya riƙe fanninsa ya ƙware a kai, domin ba a ce kowa ya zama Malam Abdullahi ba. Sai dai mai karanta kimiyya ko kasuwanci ya ware lokaci ya zauna gaban malami ya ɗauki babin ciniki, ko daga Risala ne. Mai karatun addini ya gyara harshensa, Larabci da Hausa, ya kuma san tarihin ƙasar da zai yi wa fatawa. Iyaye su daina auna fanni da albashinsa kaɗai. Masu hali a cikinmu kuma su ɗauki nauyin fassara littattafan wannan bawan Allah zuwa Hausa da buga su, musamman na ciniki da na tarbiyya, domin abin kunya ne ɗalibi ya yi shekara 4 yana shiga ƙofar da aka rubuta sunan Abdullahi Fodiyo a kanta, ya fita bai karanta ko shafi ɗaya na abin da ya rubuta ba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da Malam Abdussalami da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu. Allah ne Mafi sani.